Ƙarshen Labarin da Salifu Bai Ji Ba

Tun ranar da Salifu ya kira ni a waya ya ce yana son ƙarshen labarin ɗan mai tukwane, zama ya gagare ni. Sai in ɗora ruwa a wuta in manta abin da zan dafa. In share tsakar gida, in ajiye tsintsiya, in sake ɗauka. Ko a kan sallaya hankalina ba ya tsayawa, sai na yi ta istigfari bayan sallama.

Salifu ƙanena ne, shekara uku na ba shi. Sana'arsa wasan kwaikwayo na dandali, wanda mutanen nan ke kira teyatur. Bai gama lise ba, wato babbar sakandare, ya bi wata ƙungiya a Sokodé yana ɗaukar musu labule da ganguna, daga baya ya tafi Lomé inda ya yi shekaru yana kwana a ɗakin da suke gwaji. Yawancin aikin da ya samu gajerun wasanni ne na kasuwa, kan gidan sauro da rigakafin yara, waɗanda wasu suka rubuta aka ce masa ga abin da za ka faɗa. Sai bana, yana dab da arba'in, ya zauna ya rubuta nasa na farko. Ya tara mutum biyar, suna gwaji a gindin mangwaro, kuma an ba su rana guda su nuna shi a filin wata makaranta a nan Dapaong, inda nake aure. Amma wasan ba shi da ƙarshe. Ya ce mini biyu daga cikin mutanensa sun riga sun faɗa masa in wannan bai yiwu ba za su koma tuƙin zemijan, wato acaɓa, shi kuma ba ya jin zai iya sake tara wasu.

Labarin na Kaka ne, mahaifiyar Babanmu. A gidanmu na unguwar Kpangalam a Sokodé muka tashi tare da ita. Bayan isha'i, in an sauke tukunyar tuwo, ba ta bari a zare itacen. Takan tura guntayen doya cikin garwashi, ta zauna a kan kujerarta 'yar ƙasa, mu kuma mu kewaye murhu, har da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Kotokoli da ke jin Hausa rabi-rabi. Takan fara da cewa ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai buɗe mata. Mu ce ta shigo, akwai tabarma.

Kaka tana da tsari biyu da ban taɓa gani wurin wata tsohuwa ba. Na farko, ba ta maimaita labari. In ka yi barci ko an aike ka, ka rasa ke nan. Na biyu, ba ita kaɗai ke yi ba. Akwai wani tsohon ludayin duma da bakinsa ya gutsure, in ta kai inda wani zai yi magana a cikin labarin sai ta miƙa wa ɗayanmu, wanda ya karɓa dole ya miƙe ya zama wannan mutumin. Ni in ta miƙo mini sai in sunkuyar da kai in faɗi kalma biyu in mayar. Salifu kuwa tun kafin ta ɗaga hannu yana kan gwiwoyinsa. Ba ya zama. In bai taka ƙafar wani ba ya zubar da ruwan wani.

"Maigida, zauna mana," Kaka kan ce masa, don haka take kiransa cikin wasan jika da kaka. "Ko tururuwa ce a wandon? Na fasa auren, zan nemi mai natsuwa."

Shi kuma ya ce ai dama tsohuwar mata ba ta da haƙoran cin naman gidansa. Ta yi kamar za ta kai masa duka, sannan ta ba shi ludayin.

Ranar ɗan mai tukwane ina da shekara goma sha ɗaya. Kaka ta ce akwai wata mace mai ginin tukwane da ɗanta guda, wanda hannunsa ya ƙi yumɓu, amma duk wanda ya wuce ƙofar gidansu sai ya ɗauki tafiyarsa ya yi kamar shi. Wata rana ya kama hanya. Kaka ba ta kai labarinta ƙasashen da ba mu sani ba, duk a kan hanyar da kakanninmu suka bi da fatauci take ajiye shi. A Blitta yaron ya ga mai sayar da gishiri, muryarsa ta burge shi, ya ce su yi musaya, ya ba da tasa ya karɓi ta mai gishiri. A bakin kogi ya yi musayar tafiyarsa da ta mai kwalekwale. A Gando ya bar dariyarsa ya ɗauko ta wani dillalin shanu. Ko'ina ya je mutane na taruwa su kalle shi, su ba shi abinci, su roƙe shi ya ƙara kwana.

Duk Salifu ne ya yi su, ludayi a hannu, muna ta faɗuwa da dariya. Sai Kaka ta ce daga nan yaron ya haɗu da wani mahauci. Ban san ko ta manta ba ne, ko da gangan ta yi. Babanmu mahauci ne. Salifu ya turo ciki gaba, ya ɗan karkata kafaɗa kamar mai ɗauke da cinyar sa, ya yi gyaran murya sau biyu irin na Baba, ya wasa ludayin a tafin hannu kamar wuƙa. Babu wanda ya ga shigowar Baba daga masallaci sai da dariya ta ɗauke. Bai doke shi ba. Ya kama kunnensa ya kai shi zaure, ya ce ya zauna da allonsa har sai an kira shi.

Mun ɗauka an tashi ke nan. Amma Kaka ta juya doyarta, ta ajiye ludayin a bayanta, ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa, ba ta sake sa kowa ya miƙe ba. Ta ce bayan shekaru yaron ya yi kewar gida ya dawo. Ya tarar da uwarsa tana jera tukwane za ta gasa. Ya yi sallama, sai muryar mai gishiri ta fito, ta ce ba ta bukatar gishiri yau. Ya tako wurinta, ta ga tafiyar mai kwalekwale, ta ce babu kogi a nan. Ya yi dariya don ta tuna shi, ta ce ba ta da saniyar sayarwa. Ya nemi abu guda nasa na kansa da zai nuna mata, bai samu ba. Ta ɗebo ruwa ta ba shi kamar yadda ake ba kowane baƙo, ya sha, ya yi godiya, ya wuce.

Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce kada wanda ya kai wa Salifu wannan, amana ce ta ba mu. Bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Wannan ne abin da yake nema a wurina. Ya riga ya bi sauran da suka zauna a murhun nan. Wani ya ce masa yaron sarki ya zama, wata ta ce kura ce ta cinye shi, sauran sun manta da an taɓa yin labarin. Ni kaɗai na riƙe. Na ce masa a waya ba zan iya ba, na faɗa masa dalili. Ya ce: "Yaya Adiza, amanar yara ce fa, ta shekara talatin." Na ce wadda ta ba ni ba ta nan balle in nemi ta sauke mini. Ban da amanar ma, ina tsoron abin da zai ji. Wa zai so a ce kakarsa ta kalle shi yana ɗan shekara takwas ta ga mutumin da zai ɓace wa uwarsa?

Saura kwana goma a yi wasan sai ga shi da azahar, ya sauka daga motar Sokodé da jaka ɗaya da wani littafin makaranta da ya cika da rubutu da gogewa. Ya rame. Ya gaisa da maigidana, ya yi salla, sannan ya biyo ni madafa ya tsaya a bakin ƙofa ina tuƙa tuwo. Ya ce bai zo ya tambaye ni komai ba. Ya rubuta ƙarshe uku ne, yana so ya gwada su a gaban mutum, kamar yadda yake yi kullum kafin ya hau dandali. Na gane dabarar. Mutumin da ya shekara ashirin yana karanta fuskar 'yan kasuwa don ya san inda za su yi dariya, fuskar yayarsa ba za ta gagare shi ba. Sai na juya masa baya, na fuskanci tukunya, na ce ya yi ina ji.

Na farko, yaron ya dawo da dukiya ya gina wa uwarsa gida. Na ci gaba da tuƙi. Na biyu, ya koma gari-gari yana karɓo kayansa, ya dawo kamar yadda ya tafi. Na yi ta tuƙi. Da ya zo na uku sai na ji ya bar muryar wasa. Ya yi sallamar mai gishiri, ya amsa wa kansa da muryar tsohuwa. Ya yi dariyar dillali, tsohuwar ta ce ba ta da saniya. Har ruwan da ta ba shi sai da ya kawo. Ban buɗe baki ba, Allah ne shaidata. Amma muciyar ta tsaya a hannuna, har tuwon ya fara kamawa ban sani ba.

"Ashe haka Kaka ta gan ni," in ji shi.

Na tambaye shi wa ya faɗa masa. Ya ce babu kowa. Ya ce duk lokacin da ya je gida Kpangalam ana ba shi ruwa, ana tambayarsa hanya, Baba ya ce yaushe zai fara aiki, shi ke nan. Daga nan ya rubuta.

A tsaye a wurin, da ƙaurin tuwo a hancina, wani abu ya dawo mini da na daɗe da yarwa. Bayan Kaka ta ba mu amanar, muna naɗe tabarmi, ta ƙara wata magana da ban ɗauke ta a bakin komai ba don ba cikin labarin take ba. Ta ce: "Yaron nan ba mazauni ba ne. Ku da za ku zauna, ran da ya dawo ku dube shi da kyau." Na faɗa wa Salifu wannan, don ba ta hana shi ba. Ya karɓi muciyar ya kankare mini gefen tukunya.

Na riƙe rabin amanar da ke cewa a yi shiru, na riƙe shi gam shekara talatin, don ya fi sauƙi. Ɗaya rabin kuwa, ban taɓa zuwa na kalli ƙanena yana aikinsa ba ko sau ɗaya. Ina yi masa addu'a, ina aika masa kulikuli da yaji, amma in mata suka tambaye ni sana'arsa sai in ce yana Lomé yana 'yan harkoki.

Ranar wasan na nemi izinin maigidana, na tafi da maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Moba mai sayar da wagashi, wato cuku, wadda ta ga Salifu sau ɗaya a gidana. Bayan la'asar aka fara. An ɗaure zannuwa a tsakanin bishiyu biyu, yara sun cika ƙasa, manya a kan bencin 'yan makaranta. Suna yi da Hausa da Tem, yaren Kotokoli, da Faransanci a gauraye, mutane na ta dariya. Ni kuwa ina ta leƙen bayan labule ina jiran fitowar Salifu, don na ɗauka shi ne zai zama yaron. Wani saurayi ne ya yi yaron. Akwai wani tsoho mai farin gemu, a duƙe, zaune a gefe da ludayi, shi ke ba da labarin yana miƙa wa kowa nasa. Na kalle shi ya fi sau goma. Sai da maƙwabciyata ta taɓa ni ta ce da 'yar Hausarta, "Ƙanenki ya iya fa, ba ki gani shi?" sannan na gane. Tsohon nan shi ne Salifu. Matar da ta gan shi sau ɗaya ta riga ni.

Ban iya bin sauran wasan da kyau ba. Na dai ji filin ya yi tsit lokacin da uwar ta miƙa ruwa, na ga wata dattijuwa a gabana tana share ido da gefen mayafi. Mutanensa biyar duk suna nan tare da shi har yau, an kuma kira su Sokodé su sake yi.

Da aka watse na zagaya bayan labulen. Yana zaune a kan akwati, gumi ya jiƙa tokar da ya shafa a gemu da gira, yana neman tsumma. Na karɓi buta a hannun wata yarinya daga cikinsu, na ce ya sunkuyo. Ya ce, "Yaya, mutane na kallo." Na ce su kalla. Na wanke masa fuskar da hannuna, a hankali, tokar na bin yatsuna, har goshin Baba da hancin Kaka suka fito, da wasu layuka a gefen idonsa da ban san lokacin da suka zo ba.

Har yanzu ban san hukuncin muciyar da ta tsaya ba, ko na cika amana ko na ci ta, kuma ina roƙon Allah gafara in na yi kuskure. Abin da na fahimta dai shi ne Kaka ba don yaron da ke zaure ta ba da labarin nan ba. Shi ba ya wurin. Mu ne a wurin.