Sunan Jikan Malam Shu'aibu

Malam Shu'aibu ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi ta Tsafe, amma in ka kira shi maɗinki sai ya ɓata rai, domin shi a wurinsa marubuci ne. Duk ranar Litinin yakan hawo mota zuwa Gusau, ya shigo shagona inda nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, ya ajiye littafi irin na 'yan firamare ya ce, "Rifkatu, ga wata gawar na kawo miki."

Haka yake kiran labaransa, kuma bai yi ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya ina buga masa rubutu, ban taɓa ganin jarumin labarinsa da ya kai shafin ƙarshe da ransa ba. Akwai rijiyar da ke kiran mutane, akwai kufan da ake jin daka a cikinsa da rana tsaka, akwai matar da aka binne tana numfashi. Har waƙoƙinsa ba su wuce kabari da likkafani. Wani gidan rediyo yana karanta su ranar Alhamis da la'asar, mutane suna ji suna zaginsa, amma ba mai kashe rediyon.

Aibinsa ɗaya, ba ya ƙirƙirar suna. Ya ce sunan ƙarya ba shi da nauyi, don haka na maƙwabta yake ɗauka. Wata shekara ya jefa Zainab mai ƙosai a rijiya cikin labari, bayan sati uku zazzaɓi ya ɗauke Zainab ta gaske. Shi ke nan, unguwa ta yanke hukunci cewa duk wanda alƙalaminsa ya taɓa ya tafi. In ya nufo majalisa sai kowa ya tuna da aikin da ya bari a gida. Aka daina gayyatarsa suna, don kada ya ji sunan jariri. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya, Uwani, tana aure a Bungudu, ta rage zuwa saboda surutun dangin miji.

A gabana dariya yake yi, ya ce jahilci ne, da alƙalami na kisa da ya fara da ɓerayen kasuwa. Tunda ba mai ara masa suna, sai ya koma kan nasa. Kowane labari Shu'aibu ne ke mutuwa, na buga mutuwarsa ta fi sau arba'in. Ina taya shi dariyar, amma tausayinsa nake ji ƙwarai. Mutum ne da ko ranar Sallah shi kaɗai yake cin tuwonsa.

Bara Uwani ta haifi ɗanta na biyu. Ba a aiko masa ba, a bakin direba ya ji, kwana biyu bayan suna. Ya sayi sabulu da atamfa ya tafi Bungudu. Abu ɗaya yake so, ya ji sunan jikansa daga bakin 'yarsa, ya tabbata ita dai ba ta tsoronsa. Ta gaishe shi, ta miƙa masa yaron.

Ya ce, "Mi as sunanai?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ba ni iya hwaɗi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya kwantar da yaron ya nemi takalminsa.

Ranar Litinin ya kawo sabon labari, ina cikin bugawa ya gaya mini abin da ya faru. "Har Uwani," yake ta maimaitawa. Ni a Gusau aka haife ni, na san abin da ke hana mace furta suna. Na karɓi lambar mijinta Ashiru na kira, na buɗe murya don Malam ya ji.

Ashiru ya ce, "Ai sunan Baba munka sa mai. Ita ta nace, har da kuka. Abba muke ce mai. Ƙaƙa za ta kama sunan mahaifinta gabanai?"

Shekarun da aka yi ana ɓoye masa sunaye sun mantar da shi kunyar da kowane Bahaushe ya sani. Na zaci zai yi murna. Sai ya ƙura wa kwamfutar ido, inda na tsaya daidai wurin da Shu'aibu ya faɗa rijiya.

"Goge shi," in ji shi.

"Malam, mu fito da shi mana. A zura masa igiya."

"Ban iya ba, Rifkatu. Tun da nike rubutu ban taɓa hidda kowa ba."

Na goge. Ya sa na buɗo tsofaffin ma, ya tsaya a kaina har na gama da su, sannan ya ɗauki littafinsa ya fita. Tun ranar bai sake rubuta ko layi ɗaya ba, Bungudu kuma bai koma ba. Uwani ta aiko sau uku ya zo ya ga takwaransa. Ya ce a gaya mata sai yaron ya yi ƙwari.