Garmar da Ta Karye a Gonar Surukai

A ƙauyenmu, can gefen Faskari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya tara abokansa sun yi wa uban yarinya gayyar huɗa, a kafa gangar noma, dangi su tsaya bakin gona su ga ko zai iya riƙe 'yarsu. Tawa gayyar ta faɗo wata damina cikin shekarun hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina son yarinyar nan so na gaske, ita ma in ta hango ni a hanyar rijiya sai ta rage sauri.

Saboda ranar na je wurin maƙerin garinmu, dattijo sa'an mahaifina, na ce ya ƙera mini sabuwar garma. Lokacin an fara barin ƙarfen tama da ake narkawa daga dutse, an koma guntayen ƙarfen mota da ake kawowa daga Funtuwa. Ya ba ni ita sumul, ba tsaga ba tabo. Na sa mata ƙota, na yi ta yawo da ita a kafaɗa kamar ni na fara noma a duniya.

Ranar gayya na shiga gaba, makaɗi yana yi mini kirari, na bar abokaina a baya. Na ɗaga, na sara ƙasa mai laushi, sai na ji ƙas! Garma ta rabu biyu. Ban ci karo da dutse ba, ban sari saiwa ba. Ganga ta tsaya. Kakar yarinyar, wadda ba a tsallake maganarta a gidan, ta ajiye ƙwaryar furar da ta kawo ta ce, "Wanga yaro ba da mu ba. Wanda sabon ƙarhe ya ƙi, gida ma ba ya tsaya mashi." Camfi ne kawai, amma mutanen da suka sha gumina tun safe suka yi ta gyaɗa kai.

Na kwashi gutsattsarin na nufi maƙera. Inda ta karye, cikin ƙarfen ya yi sala-sala, fari fat yana ƙyalli kamar ɓawon kifi. Maƙerin ya juya shi da awartaki, ko mamaki bai yi ba. Ya ce ƙarfen mota ba ya son gaggawa: in an gama bugu, cikin toka mai zafi ake binne shi ya huce a hankali, in ba haka ba sai ya tsattsage daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Ranar da ya yi tawa jajibirin kasuwar 'Yankara ce, ga laujuna na jiransa, gawayinsa kuma ruwan sama ya jiƙa shi. Da ya gama sai ya tsoma ta a kwatarniyar ruwa, ya ɗauki na gaba.

Na ce, "To Baba, tashi mu tahi ka hwaɗa masu haka."

Ya ce, "Haba ɗana, in na hwaɗi, wa ka ƙara kawo man aiki? Yi haƙuri, mata na nan da yawa. Ni yi maka wata."

Wannan magana ita ta fi ƙona mini rai, har yau. Ya san gaskiya sarai, tafiyar ba ta kai a sha ruwa a hanya ba, amma ya zaɓi a ce ni ne marar albarka da a ce ya yi ha'inci. Na je gidan su yarinyar da kaina na yi bayani, aka ce maƙeri ne kai? Mahaifina ya hana ni tada rigima, wai ba a ja da maƙera.

Da kaka aka aurar da yarinyar ga wani, aka kai ta garin Mairuwa. A makon ne maƙerin ya aiko mini da sabuwar garma, wadda ya binne a toka yadda ya kamata. Da ita na noma abin da na aurar da 'ya'yana duka, ko ɓantarewa ba ta taɓa yi ba. Ashe ya iya.