Idi Mai Baki da Rumfar Asabe

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Malam Idi, wanda tsofaffin unguwar Asata a Enugu suka fi sani da Idi Mai Baki. Allah Ya jiƙansa.

Sana'arsa wankin hula, amma sunan a majigi ya samo shi. A zamaninmu akwai wani mutum da ke zuwa da tsofaffin finafinan Turawa marasa magana, ya haska a bango bayan magariba. Idi ke tsayawa a gefe yana sa wa mutanen ciki baki da Hausa. Turancin da ke fitowa a rubuce, shi kaɗai ke iya karantawa a cikinmu.

Lokacin ina sabon aure. Matata Asabe ta kafa rumfar busasshen tattasai da kuka a kasuwa, 'yan majalisarmu suka sa ni gaba, wai na bar iyalina tana ciniki da maza. Na ce mata ranar Asabar ta rufe. Ta daina yi mini magana, har ta fara tambayar motar Kano. Idi kaɗai na gaya wa halin da nake ciki.

Ranar Juma'a, ni da Asabe duk muna cikin 'yan kallo, aka haska labarin wata mata mai aikin ofis, mijinta na ta fushi. A ƙarshe ta shigo gida tana kuka ta ajiye jaka, mijin ya riƙe hannunta. Sai Idi ya marairaice murya: "Baiwar Allah, na tuba. Ɗauki jakarki ki koma aiki. Masu zuga ni ko albasa ba su taɓa saya mana ba." Aka kwashe da dariya ana waigen 'yan majalisa. Da Asabar ta zo, ni na yi mata dakon buhun tattasai har rumfa.

Bara jikata Zainab ta lalubo fim ɗin a waya, ta karanta rubutun. Ta ce, "Tsoho, an yi maka wayo. Matar ce ta ce ta bar aikin."

Asabe ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni tun ranar na gane. Wace mace za a ce ta koma aiki ta tsaya tana kuka?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ciniki ya faɗa, Alhaji, sai in tada shi?"

Nakan yi tunanin abin da Idi zai ce da ya ga yau: 'yan matanmu a kan okada da sassafe, wannan asibiti, waccan banki, finafinai kuma sun cika surutu ba su bar masa wurin sa baki ba. Ina jin zai yi ƙorafi kaɗan, sannan ya yi murmushi.

Na yi shekaru ina saye da sayarwa, ba a cika yi mini wayo ba. Nasa ne kaɗai na ci ribarsa. Rumfar ta zama kanti, 'yarmu Hauwa ke riƙe da shi, Asabe kuma ba ta hau motar Kano ba sai da ni a gefenta.