Yadda Na Binne Furen Maƙwabciyata

Shekarun baya, shekarar da annobar korona ta sa aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, maƙwabciyata a unguwar Sintali ta bar mini amana. Dattijuwa ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun ina sabon aure. 'Yarta ce ta haihu a Yola, za ta je ta yi mata mako biyu.

Amanar wani tsiro ne manne a jikin guntun kututture, rataye da waya. Jikinsa kamar ƙananan sandunan rake, saiwoyinsa farare sun miƙe sama a fili, babu ƙasa ko ta cikin cokali. Marigayi mijinta, ma'aikacin gandun daji, shi ya zo da shi daga wajen Gashaka, yana kiransa okid. Da rani yakan yi fure rawaya mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Shi kaɗai ne abu mai rai da ya rage mata daga hannun mijin.

"Malam, ka rataye shi a inuwa," in ji ta. "Ruwa kaɗan, bayan kwana uku-uku. Kar ka yi masa gata."

Na ce, "To, Mama." Har na rubuta da ajami a bayan kalanda don kada in manta.

Aka rufe hanya, mako biyu ya koma wata huɗu. Ni kuwa manomi ne, gonata tana Iware, kuma a sanina saiwa ba ta fitowa fili sai shuka na shirin mutuwa. Kullum na kalli abin nan sai tausayi ya kama ni. Wata rana na ɓamɓare shi daga kututturen, na cika tukunya da ƙasar fadama da takin shanu, na dasa shi sosai, na danna. Ruwa safe da yamma. Har ina ce wa maiɗakina Mama za ta dawo ta tarar ya yi ƙiba. Da ganyen ya fara rawaya, sai na ƙara taki.

Ranar da ta dawo, ta kama shi ta ja kaɗan, ya fito luguf kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, mai shi ma sai da ya mutu aka sa shi a ƙasa. Kai ka binne wannan da ransa."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma ta gajarce.

Da na zubar da tukunyar, na sami sanda ɗaya da sauran ƙarfi. Na yanke ruɓaɓɓen gindin da reza, na shafa toka, na ɗaure shi da tsumma a reshen mangwaron tsakar gidana. Shekarar farko bai yi komai ba. Ta biyu saiwa ta fara bin ɓawon itacen.

A nan na koyi abin da gona ba ta koya mini ba. Allah Ya yi wa kowace halitta hanyar arzikinta, wata a ƙasa, wata a iska da raɓa. Ni ban yi sakaci da amanar ba, wuce iyakarta na yi, don na ɗauka abin da ke raya masarata shi ke raya komai. Riƙe buta a hannu in hana kaina zuba ruwa ya fi mini huɗa wuya.

Rani na uku ya yi fure. Na aika maiɗakina ta kira Mama, na ɗauko adda zan sare reshen in kai mata gida, tunda saiwoyin sun rungume shi ba ɓamɓarewa. Ta shigo, ta tsaya a ƙarƙashinsa, ta goge ido da bakin zane.

"Ajiye addar nan, Malam. Hannunka ba ya iya zama shiru ne?"

"To yaya zan mayar miki da kayanki?"

"Bar shi inda ya kama."

Na ce to itacen ya zama nata daga yau, maiɗakina shaida ce.

"Har da 'ya'yan?"

"Har da 'ya'yan, Mama."

"Shi ke nan, na yafe. Amma in za ka tsinki mangwarona, ka fara zuwa ka yi sallama."