Ledar da Na Yi Niyyar Ƙerawa

A shekarun casa'in ina koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Tudun Wada, ina kuma ganin kaina ya fi ƙarfin alli da allo. Lokacin ne baƙar leda ta cika kasuwanninmu. Wani dattijo makiyayi, aminin mahaifina da ke zaune wajen Falgore, saniyarsa ta rame har aka yanka ta. Da aka farke tumbinta, leda aka tarar cunkus.

Da na je jaje, maimakon in ce Allah ya mayar da alheri in yi shiru, sai na gyara zama.

"Baffa, na karanta a wata mujalla cewa akwai ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, suna tara wani abu a jikinsu kamar kitse. In an tatso shi, roba ce mai ruɓewa. Ni zan yi ta."

"Kai da kanka?"

"Da kaina, Baffa."

Na ɗebo ƙasa daga gonar wake, na jiƙa mazarƙwaila, na zuba a kwalabe, na jera su a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Ba a jima ba ruwan ya yi kauri, ya fara kumfa. Wari kuwa, har shugaban makaranta ya sa aka ɗaga akwatuna ana neman mushen ɓera. Ni ma na taya nema.

Ranar tatsa na zuba ruwan bilic don ya fasa ƙwayoyin, na tace da tsohon ɗankwalin matata, wanda ta ce kar ma in dawo mata da shi. Abin da ya rage na shanya a faranti. Ya bushe ya yi fata-fata, kamar saman kunun da ya huce. Na daɗe ina kallonsa, har na fara tunanin rigar da zan sa in 'yan jarida sun zo.

Sai gwaji. Na ja, ya yage. Na kai masa ashana, ya yi ƙaurin alewa. Guntun da ya saura na binne a bayan gida don in ga ko zai ruɓe. Washegari na tona, babu shi! Na ƙwala wa matata kira ta zo ta ga ikon Allah. Ta zo, ta sunkuya, ta nuna mini layin tururuwa, kowacce da ɗan farin abu a baki.

Ranar kasuwa Baffa ya biyo ta gidana da ƙwaryar nono.

"Malam, ina ledarmu?"

"Tana hanya, Baffa. Akwai 'yan gyare-gyare."

"To, madalla. Allah ya ƙara basira."

Bai sake tambayata ba har ya rasu. Ɗalibaina kuwa suka laƙaba mini Malam Roba, kuma har yau in na haɗu da ɗayansu a tasha, da furfurarsa, da sunan yake gaishe ni.