Baba Lurwanu da Durgun Utaibiyya

Bari in gargaɗi mai karatu tun daga farko: akwai ɓarna a tsakiyar wannan rubutu, kuma da hannuna za a yi ta. Ban so in ambace ta ba. Amma na duba na ga ba yadda zan nuna muku ko wane ne Baba Lurwanu in na ɓoye ta.

A unguwar Utaibiyya ta Makka yake zaune, cikin wani tsohon bene mai hawa huɗu. Idan aka sallame sallar Asuba ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Zai ɗauki ledojin busasshen burodi da maƙwabta suka rataye masa, ya kama matakala sittin da biyu, yana hutawa a kowane hawa. A can saman bene akurkinsa yake. Zai jiƙa burodin ya gauraya da dusa, ya wanke kwanukan ruwa, sannan ya zauna a kan wani tsohon bokiti yana kallon yadda kowace kaza ke cin abinci. Ya ce wadda ba ta da lafiya a wurin ci ake gane ta, tun kafin ta sunkuyar da kai.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na dā mai aiki da ruwa. Da mutane suka daina yayinsa, ya ɗauko ɗaya daga bola ya gyara wa kajinsa. Wanda ya san zafin Makka ya san abin da nake nufi. A watannin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, sau uku yake hawa a yini, ɗauke da robobin ƙanƙara da jiƙaƙƙun buhuna.

Kajin kuwa durgu ne. Gajerun ƙafafu, jiki wake-wake, suna tafiya kamar ana jan su a ƙasa. Wurin mahaifiyarsa ya gaje su, ita kuma tana cikin waɗanda suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Ko daga gida aka taho da kakannin kajin, ko a hanya aka samo su, shi ma ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi ƙarya don labari ya yi daɗi ba. Abin da ya sani shi ne, yana yaro kusan kowane gidan Bahaushe a unguwannin Misfala da Tandabawi akwai su. Aka zo aka koma gidajen haya masu hawa, kazar firiza ta yi arha, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Ba ya sayarwa. Tsarinsa shi ne ya ba mutum sagara biyu, ya ɗaura musu zare a ƙafa don a san tsatsonsu, da sharaɗin duk lokacin da ya nema a dawo masa da 'ya'ya. Zakara ne ba ya bayarwa da sauƙi. Uku yake ajiyewa a kowane lokaci: biyu a wurinsa, ɗaya a wani gida dabam, saboda in ciwo ya shiga akurki ba ya barin kowa.

Bara waccan wannan na ukun ya faɗo hannuna. Ni direban motar makaranta ne, ina da ɗan fili a saman gidanmu, kuma ya ga ina yawan tambaya. Da zai miƙo mini shi ya ce, "Abu Rakan, wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Ajiya ce." Na ce na ji.

A watan Rajab da ya wuce 'yata Manar ta haihu, haihuwar fari, ta zo da wuya. Ta zubar da jini da yawa. Aka sallamo ta daga asibiti ta dawo gidanmu wankan jego, amma ko shayi ba ya zama a cikinta. Ni mutum ne mai saurin tsorata a kan 'ya'yana, kowa ya sani. Ina zaune a mota ina jiran yara su fito, ina ta buga waya gida ina tambayar jikinta. Rana ta uku surukata, Gwaggo Baraka, ta ɗaga murfin tukunya ta mayar.

"Wannan kazar ƙanƙarar za ku ba maijego? Abin da ya shekara a firiza, me ya rage a cikinsa? Ku nemo mata kazar gida!"

Na ce, "Gwaggo, yau Juma'a, sai bayan La'asar in je kasuwar tsuntsaye."

"Kasuwa? Wancan gajeren da ke hana mu barci a sama fa, limanci yake muku?"

Ban yi gardama ba. Na ce a raina ai Baba yana da biyu. Na hau na yanka shi.

Bayan kwana huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Lurwanu ne da kwali a hannu, ya huda shi ta gefe. Ya yi barka, ya yi wa jaririya addu'a, sannan ya ce ciwo ya shiga masa akurki a makon nan. Ya kashe goma sha ɗaya, har da zakarun biyu. Kaji shida suka tsira, duk mata. Ya zo ɗaukar ajiyarsa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na faɗa masa gaskiya a tsaye, ban ma iya cewa ya zauna ba. Ya dubi kwalin. Sai ya ce, "Yarinyar ta sha romon?"

Na ce, "Ta sha, Baba."

"Ya zauna mata?"

"Ya zauna. Jiya har tuwo ta ci."

"To alhamdu lillahi. Halas, shi ke nan." Ya ajiye kwalin a bakin ƙofa. "Amma da ka kira ni, ɗana, da na aiko maka da tsohuwar kaza. Ta fi shi romo."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, daga ranar har yau.

Baba, kai ne wanda aka yi wa asarar da ba a sayen madadinta a kasuwa, ka fara tambayar lafiyar 'yar mai laifin. Na sha jin wa'azi a kan haƙuri, Baba. A bakin ƙofata na gan shi sanye da silifa.

Akwai wata ƙungiya ta masu kiwon kajin gargajiya da yake ciki, mutum ɗari da wani abu, Larabawa da namu, daga Jidda har Jizan. A waya suke haɗuwa, sau biyu a shekara kuma su taru a wata gona. Baba ba ya iya rubutu a waya, sai dai ya aika murya. Mai kula da ƙungiyar, Mish'al, ma'aikacin lantarki ne ɗan Ɗa'if, kuma ya gaya mini cewa rabin abin da suka sani na raya 'yan tsaki a zafi daga waɗannan muryoyin suka koya. Mish'al ɗin ne ya saka hoton zakaran a ƙungiya, ya roƙi kowa ya duba gidajen dangi da maƙwabta.

Hotuna suka yi ta zuwa. Ni nake riƙe wa Baba wayar, yana matso da ita kusa da ido. Wannan na ado ne daga waje, dubi wutsiyarsa. Wannan ba durgu ba ne, yunwa ce ta hana shi girma. Wani ya turo ɗaya daga Madina muka yi murna, Baba ya ce a ɗauko masa cararsa. Da ya saurara ya girgiza kai. Mish'al ya ce, "Ya ammi," wato baffana, "har murya sai an yi wa kaza jarrabawa?" Baba ya ce, "Kai in an kawo maka wayar wuta ba ka duba kaurinta?"

Mako bakwai muna haka. Sai wani ɗan ƙungiya ya tuna da wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Ɗa'if, mai kaji gajeru da take cewa marigayi mijinta ya samo wurin wani Bahaushe mai gyaran mukayyif. Na ɗauki Baba a motata muka hau dutsen Ɗa'if, Mish'al na gaba yana nuna hanya. Zakara ɗaya ne a gidan, ya tsufa, zankonsa ya kwanta gefe guda. Baba ya durƙusa da waɗannan gwiwoyin nasa, ya ɗaga shi, ya juya ƙafarsa, ya buɗe fiffike. Ya jira sai da zakaran ya yi cara. Sannan ya ce, "Namu ne."

Tsohuwar ta ƙi sayarwa, ta ce shi ne agogonta. Baba ya yi dariya ya ce ta burge shi. Suka daidaita a kan aro: wata biyu, a dawo mata da shi tare da sagara biyu.

Dalilin da ya sa nake rubuta wannan yanzu shi ne likita ya hana Baba hawan matakala. Bayan Babbar Salla za a yi masa aiki a gwiwa, kuma 'ya'yansa sun kama masa gida a ƙasa. Shekarunsa saba'in da huɗu. Ba a taɓa kiransa wani taro an ba shi takarda ba, shi ma bai nema ba.

Baba Lurwanu, na Utaibiyya mai zare a aljihu, mun gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da abin da ya fi abin da ka raya. Ku kuma 'yan'uwa, duk mai ɗan fili a saman gida ko a gona, ya nemi Mish'al a sa shi a ƙungiya. Ba kuɗi ake nema ba. Inuwa ce, da ruwa mai sanyi, da mutumin da in an ce masa ajiya ce zai ji. Wanda kuma ya san gidan da ake da irin waɗannan kaji, ko da ɗaya ce, ya yi magana.

Kaji shidan da tsohon zakaran yanzu suna saman gidana. Na ce wa Baba ban cancanta ba, ya ce wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kowa iya riƙon wuta. Ɗaya ta yi kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Shekaranjiya na sauko da su ɗaya-ɗaya cikin tawul, ya haska su da tocila a ɗaki mai duhu. Huɗu ne kawai suka nuna jijiya. Saura kwana goma sha biyu, zafi kuma ya fara. Ba mu san nawa za su ƙyanƙyashe ba, kuma ba mu san ko akwai zakara a cikinsu ba.