Tabaraun Da Na Zaɓa Wa Direbanmu

Shekaru sun tura, furfura ta cika mini gemu, na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare, amma ranar da na je sayen hular kwano da tabarau ba za ta taɓa fita raina ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan, sai da na ajiye alƙalami sau biyu don kunya.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, ina malamin gona a Boɗinga. Ban fi shekara biyu da fitowa makaranta ba, ina ji da kaina, ina ganin duk wanda bai iya Turanci ba bai san komai ba. Ofishinmu na da wata tsohuwar jif marar rufi da muke kutsawa fadamu da ita, muna kai taki da irin albasa har ƙauyukan Shagari. Gilashin gabanta ya fashe daidai lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka yi wuyar samu. Sai shugabanmu ya ce kafin a samo wani, a sayo hular kwano da tabarau bibbiyu, na direba da na mai zama gefensa, wato ni. Ni kuma aka tura Sakkwato in zaɓo.

Direban nan dattijo ne mutumin Dingyaɗi, a haife ya haife ni, Baba muke ce masa. Ya san kowane rami da kowace ƙaya a hanyoyin nan, da tuƙin kuma yake ciyar da gidansa. Da safen da zan tafi ya biyo ni bakin titi, ya rage murya ya ce in nemo tabarau na roba, mai rufe ido zagaye, mai igiya ta baya, irin na masu injin niƙa. Hula kuwa mai soso a ciki da maɗaurin haɓa. Na ce to, amma a raina ina cewa wa ya tambaye shi.

A kantin, mai kaya ya fito mini da irin waɗanda Baba ya faɗa. Na gwada hular, sai na ga ba ta shiga sai an cire ƙube. Nan fa ɗaya. Ni da ke sauka gaban hakimai da masu unguwanni, in iso kai ba hula, ko in zaro ta daga aljihu duk ta yamutse? Tabaraun roban kuma da na sa na duba madubi, sai na ga kamar kwaɗo. Da mai kantin ya ga na yatsina fuska, ya miƙo wata hula mai sauƙi irin ta masu gini, ba maɗauri, tana zama daram a kan ƙube. Ya haɗa da baƙin tabarau na gilashi mai ƙyalli, irin na manyan ma'aikata. Ban tambayi ko yana fashewa ba. Abin da na duba kawai shi ne yadda ya yi mini kyau.

Da na dawo na zube kayan a tebur, Baba ya ɗauki tabaraun ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya daɗe yana juya shi.

"Malam, wanga gilashi na. In ya hwashe, ido za shi shiga."

Maimakon in saurara, sai na mai da abin raha gaban mutane. Na ce Baba so yake mu riƙa shiga gari kamar masu niƙan barkono, kuma Turawan da suka ƙera wannan sun fi shi sanin ido. Aka yi dariya. Shi ma ya murmusa, ya sa tabaraun a aljihu. Wannan murmushin har gobe yana damuna.

Kwana tara muna fita lafiya, ni kuwa ina ta baza gayu. A rana ta goma, lokacin cirar albasa, muka nufi wata fadama wajen Mandera da hantsi. Hanyar siririya ce, bagaruwa ta rufe ta gefe da gefe. Muna shan wata kwana sai ga jakuna ɗauke da buhunan albasa sun cika hanya. Baba ya kauce musu ya shiga inuwar itatuwa, kuma da baƙin tabarau a ido, daga rana zuwa inuwa, bai ga reshen da ya sunkuyo ba. Na ji ƙara kamar an fasa kofi. Hularsa ta yi sama, tawa ma ta bi ta.

Ga gangaren fadama a gabanmu, amma Baba bai saki sitiyari ba. Da jini na zuba ta tsakanin yatsunsa ya riƙe motar da hannu ɗaya har ya tsayar da ita, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo. Ko ƙwarzane ban yi ba. Masu jakunan ne suka ɗaure masa fuska da rawanin ɗayansu, ni ina tsaye ina kallo. Wani malamin makaranta da ya iya mota shi ya kai mu asibiti.

Likita ya ce ƙayar reshen ba ta taɓa idon ba, gira kawai ta tsaga. Gutsattsarin gilashi ne suka shige ciki. Idon dama bai sake gani ba.

Bayan sati biyu shugabanmu ya tara mu a ofishinsa, ransa a ɓace, yana son ya san wanda ya zaɓo wannan shirme, domin daga sama an fara rage ma'aikata kuma laifi kaɗan ya isa a sallami mutum. Ya san cewa ni ya aika, amma yana son ya ji daga bakinmu. Baba na zaune da bandeji a rabin fuska, sai ya riga ni.

"Ranka shi daɗe, ni nac ce ma Malam shi sawo irin wanga."

Shugaban ya dube ni ya ce haka ne? Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma na san sarai shiruna e ne. Da takardar rage ma'aikata ta fito, sunan Baba na ciki, don ba mai riƙe direba mai ido ɗaya. Nawa ba ya ciki.

Wata guda na yi ina kewaye hanyar Dingyaɗi kafin na iya zuwa. Na same shi a zaure yana tufka igiya, yana karkata kai don ya ga abin da yake yi. Ya sa aka kawo mini fura. Na ce masa gobe zan je in faɗi gaskiya, duk abin da zai faru ya faru. Ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce:

"In ka hwaɗi, idona za shi dawo? Gida biyu za su rasa abinci maimakon guda. Abu ɗai ni ka roƙo nai gare ka. Wanda za a ɗauka bayana, bar shi shi zaɓi abin da za shi sa ma idonai."

Na so a ce zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na fito zauren nan ina kuka kamar ba babba ba, kuma ban je na faɗi gaskiyar ba. Na fake da maganarsa, alhali tsoro ne ya hana ni. Sai yau, da shi da shugaban duk sun riga mu gidan gaskiya, nake faɗa.

Abin da na koya, na koye shi da idon wani, ba da nawa ba. Kayan kare kai ba don ado ake sayensu ba: a duba abin da za su yi ranar da aka yi karo, ba yadda suka zauna a madubi ba. In kuwa an ba ka zaɓi a kan lafiyar wani, to ka saurari mai jikin, domin in ka yi kuskure kai za ka koma gida da idanunka biyu, shi ne zai ƙare rayuwarsa da ɗaya.